Kiwon Furen Okid a Ƙasar Albasa da Tafarnuwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo a cikin watan Janairu, ya ratsa ƙasar Wurno, zai ga abubuwa biyu daura da juna. A gangare, fadamun gulbin Rima sun yi kore shar da albasa da tafarnuwa da alkama. A tudu kuwa ciyawa ta bushe ƙayau, ƙurar hunturu ta rufe sama, leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso. Tsakanin koren da busasshen bai wuce 'yan taku ba, kuma abin da ya raba su guda ɗaya ne, watau ruwa. Haka abin yake a Rabah, inda gulbin Sakkwato ya ratsa. Saboda haka, a cikin fannonin kimiyya, babu wanda yaron wannan yanki ya fi bukata kamar sanin yadda ruwa yake shiga tsiro, da yadda yake zama a cikinsa, da yadda yake fita.

Ra'ayin da nake son gabatarwa a wannan maƙala shi ne, ya kamata kowace makarantar sakandare a Wurno da Rabah da Goronyo ta raya tsiron okid, ko da tukunya biyu ce, ta danƙa kulawarsa a hannun ɗalibai, kuma duk ɗalibin da ya iya ya gwada a gidansu. Dalilina kuwa, ban san wani tsiro da ke koyar da tattalin ruwa a fili kamarsa ba, kuma rainonsa yana tilasta wa mutum ya riƙa lura, ya riƙa aunawa, ya riƙa rubutawa, waɗanda su ne tushen kimiyya.

Na san abin da dattijo zai ce in ya ji wannan magana a bakin lambu. Zai dubi jikansa ya ce, "Ɗan nan, mi za a yi da huren da ba a ci, ba a kai shi kasuwa?" Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa ta raini ba ce, kuma zan amsa ta a gaba. Amma bari mu fara sanin tsiron tukuna.

Ɗan'uwan albasa ne

Okid suna ne na wani babban dangi na tsirrai masu fure, wanda ya ƙunshi ire-ire kimanin 28,000. Ana samun su a kowace nahiya in ban da Antatika mai ƙanƙara. Masana ilimin tsirrai sun sanya wannan dangi a babban rukuni ɗaya da albasa da tafarnuwa da zabuwa da moda, rukunin da suke kira Asparagales. Ke nan ɗan manomin albasa ba baƙo zai tarba ba, ɗan'uwa ne na nesa.

Zaman okid iri biyu ne. Akwai na ƙasa, masu ajiye abinci da ruwa a wani curi a ƙarƙashin ƙasa kamar rizga. Da yawansu suna ɓacewa da rani, sai ruwan farko ya sauka su fito. A dazuzzukan Afirka ta Yamma akwai irin waɗannan da yawa, musamman na zuriyar Eulophia, har ma akwai mai fitar da fure tun ganye bai fito ba. Akwai kuma na bisa, masu zama a kan reshen itace. A nan sai a yi hattara, kada a haɗa su da kauci. Kauci yana huda reshe ne ya sha ruwan jikin itacen, har ya raunana shi. Okid na bisa kuwa wurin zama kawai ya ara. Ruwan sama da raɓa da ruɓaɓɓen ganye su ne abincinsa, ba ya taɓa jikin mai masaukinsa.

Hausawa sun daɗe da sanin na bisan. Wani Baturen likita mai suna John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a shekarar 1916, kuma a cikinsa ya kawo sunan manta-uwa ga wani okid na kan itace, sunan da ke da nasaba da yaye. Shi ne wanda masana suke kira Ansellia africana. An sa masa wannan suna a 1844 don tunawa da John Ansell, ma'aikacin lambu da ya biyo ayarin Turawan Ingila da suka shigo kogin Kwara a 1841, ya tsinko tsiron a tsibirin Fanando Po, wanda yau ake kira Biyoko. Karansa kamar na rake yake, furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa kamar fatar damisa. Ya fi son wuraren da suka fi ƙasar Sakkwato ruwa, can kudu da mu, amma a ko'ina yake ya saba da dogon rani.

Darasi na farko: tattalin ruwa

Mu dubi halin da okid na bisa yake ciki. Ba shi da ƙasar da zai kafa saiwa, ba shi da rijiya. In an yi ruwa, cikin ɗan lokaci reshen ya bushe. Duk da haka yana shekaru yana fure. Dabaru uku ne suke riƙe da shi, kuma ɗalibi yana iya ganin biyu daga ciki da idonsa.

Ta farko tana ga saiwa. Saiwar okid na bisa tana da wata farar riga mai kama da soso, wadda aka yi da matattun ƙwayoyin halitta masu rami a ciki. Da zarar ruwa ya taɓa ta, nan take take tsotse shi. In ta bushe kuma sai ramukan su cika da iska, su zama bargo mai hana ruwan ciki tserewa. Zuba wa farar saiwa ruwa ka tsaya ka gani: a gabanka za ta koma kore, domin rigar ta jiƙe, koren da ke ƙarƙashinta ya bayyana. Manta-uwa har yana da wasu siraran saiwoyi masu miƙewa sama su yi kamar kwando, su tare ganyen da ke faɗowa, ya ruɓe ya zama taki.

Ta biyu tana ga kara. Ire-ire da yawa suna da kumburarren kara wanda yake aikin tulu. Da damina yana cika ya yi sumul, da rani yana ramewa ya yi tamoji yayin da tsiron yake shan abin da ya tara. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Ɗalibin da ya ɗaura zare ya auna kaurin karan a watan Satumba, ya sake aunawa a watan Afrilu, ya ga wannan karin magana da lissafi.

Ta uku ba a ganinta da ido, amma ta fi ban mamaki. Kowane ganye yana da 'yan ƙofofi ƙanana da iskar kabon take shiga ta cikinsu, wadda tsiro yake haɗawa da ruwa da hasken rana ya yi abinci. Sai dai duk lokacin da ƙofofin suke buɗe, ruwa yana fita ta nan. Albasa da shinkafa da gero da rana suke buɗe nasu, shi ya sa suke yaushi da azahar in ruwa ya yi ƙaranci. Da yawa daga cikin okid masu kaurin ganye kuwa rufe ƙofofin suke yi da rana, su buɗe da dare in iska ta yi sanyi. Sai su kama iskar kabon su adana ta a matsayin wani ruwa mai tsami, in gari ya waye su yi aiki da ita ƙofa a rufe. Haka zabuwa da moda da abarba suke yi. Malamin da ke da takardar gwajin tsami yana iya matse ganyen zabuwa da asuba, ya sake matse wani da la'asar, ɗalibai su ga na asuba ya fi tsami.

Yanzu mu ɗaga kai daga tukunya mu dubi madatsar ruwa ta Goronyo. An kammala gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a kwarin Rima. A farkon 2018 kuma ruwan ya ja baya har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da madatsar take iya ɗauka, hankalin manoman rani da na mutanen birnin Sakkwato ya tashi. A shekara takwas mun ga fuskokin matsalar duka biyu. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Watau ƙasarmu da reshen itacen nan halinsu ɗaya: ruwa mai yawa a ɗan lokaci, sannan dogon jira. Abin da tsiron yake yi, ya kama da sauri, ya adana, ya kashe a hankali, ya bar rarar ta wuce, shi ne aikin da ke jiran injiniyoyi da malaman gona da za su fito daga makarantunmu.

Darasi na biyu: irin da ba shi da guzuri

Ƙwayar gero ko ta wake tana ɗauke da guzurinta. In ta sami danshi sai ta tsira da abincin da uwarta ta ƙunsa mata. Irin okid ba shi da wannan gata. Ƙanana ne kamar ƙura, kwanso ɗaya yana ɗauke da dubbai, a wasu ire-iren har miliyoyi, kuma babu abinci a cikinsu. Manominmu ya san wani iri mai kama da wannan, watau na ƙuduji, wanda yake kwanciya a ƙasa shekara da shekaru har sai ya ji saiwar gero ko dawa a kusa, sannan ya tsira ya maƙale mata. Bambancin shi ne, irin okid ba saiwar amfanin gona yake jira ba. Wata halitta yake jira daga dangin funfuna da laimar kwaɗi, mai siraran zare a cikin ƙasa ko ɓawon itace. Ita ce take shiga cikin ƙwayar ta ciyar da ita har ta yi ganye.

Wani matashin masani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano wannan a 1899, bayan ya ci karo da 'yan tsirran okid a wani daji, ya duba su da madubin ƙara girma. A 1922 kuma Lewis Knudson na Jami'ar Konel a Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da irin a cikin kwalba ba tare da funfunar ba, in an ba shi sukari da gishirin taki a wuri mai tsabta. A 1960 Georges Morel a Faransa ya nuna yadda za a yanki ɗan mitsitsin tohon okid a mayar da shi tsirrai masu yawa iri ɗaya. Irin wannan fasaha ta raya tsiro a kwalba ita ake amfani da ita a yau wajen samar da irin ayaba da dankali da rogo marasa cuta, ciki har da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Kuma ita kanta albasa, da yake saiwarta gajera ce mai ƙarancin gashi, tana dogara ƙwarai da wasu ire-iren funfunar ƙasa wajen samun sinadarin fosfaras. Wanda ya fahimci labarin irin okid ya fahimci cewa ƙasar lambu tana da rai, ba yashi da taki kawai ba ce.

Darasi na uku: amfanin lura

Ga amsar tambayar dattijo. Akwai okid da ake ci, kuma ana kai shi kasuwa. Ƙamshin banila da ake ji a biskit da kek asalinsa daga kwanson wani okid ne mai yaɗo, ɗan ƙasar Meksiko, ko da yake yawancin wanda ake sa wa kayan kanti a yau haɗin masana'anta ne. Turawa sun kai tsiron ƙasashe da dama, yana fure amma ba ya 'ya'ya, domin ƙwaron da ke yi masa barbara bai biyo shi ba. A 1841, a tsibirin Reyuniyon da ke tekun Indiya, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano yadda za a sa ɗan tsinke a ɗaga wani ɗan marfi a cikin furen, a danna da babban yatsa, ɓangaren namiji ya haɗu da na mace. Da wannan dabara ake barbarar banila har yau, fure ɗaya bayan ɗaya, kuma da ita Madagaska ta zama kan gaba a duniya wajen noman ta. Shi Albius ya rasu a 1880 cikin talauci.

Ban kawo wannan labari don wani ya ɗauka za a yi gonar banila a Rabah ba. Ba za ta yi ba, domin tsiro ne na kurmi mai son laima duk shekara, kuma wanda ya ce maka ka zuba kuɗinka a nan ya cuce ka. Na kawo shi ne don a ga cewa abin da ya gagari manyan masu lambu, yaro ya warware shi da tsinke, saboda ya saba duban fure da kyau. Wannan sabo shi muke nema. A makarantu da dama ɗalibi yana haddace sassan fure daga allo, ya zana su a jarrabawa, bai taɓa buɗe fure da hannunsa ba. Gani ya kori ji.

Wanne za a raya?

A nan ne akasarin masu sha'awa suke yin kuskure, ni ma na yi shi. Na farkon da na saya a wurin masu sayar da furanni, na kawo shi gida na dasa a baƙar ƙasar fadama, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar yadda ake yi wa albasa. Kafin wata guda saiwar ta ruɓe. Ƙishirwa na ji masa tsoro, ashe ruwa ne zai kashe shi.

Wanda aka fi gani a hotuna da shagunan manyan birane shi ne Phalaenopsis, mai faffaɗan fure kamar malam-buɗe-littafi. Asalinsa daga kurmin kudu maso gabashin Asiya yake. Ba shi da tulun kara, ya fi jin daɗi in zafi bai wuce digiri 30 na ma'aunin Salsiyas ba, kuma yana son iska mai laima. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, da hunturu kuma iska tana bushewa ƙarƙaf. Saboda haka ban ba makaranta shawarar ta fara da shi ba. A fara da manta-uwa, wanda ɗan Afirka ne, mai tulu, mai jure haske da rani. In an sami na ƙasa daga zuriyar Eulophia a hannun masu raino, shi ma ya yi.

Sharaɗi ɗaya ne ba ni da sassauci a kansa: kada a ciro daga daji. A nemi rabo daga tsiron da wani yake raino, ko daga lambun sayar da furanni, ko a tuntuɓi sashen nazarin halittu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata babbar makaranta don neman shawara.

Yadda za a kula da shi

Wuri. A nemi inda hasken safe yake shiga amma ranar azahar ba ta faɗawa, kamar ƙarƙashin dogon-yaro ko rumfar zana a gabashin ɗaki. In ganye ya yi kore mai duhu ƙwarai, haske ya yi kaɗan. In ya yi fari-fari ko ya yi tabon ƙuna, rana ta yi yawa. A ɗaga shi sama ko a kewaye shi, domin akuya ba ta san darajarsa ba.

Tukunya. A sami ƙaramar tukunyar ƙasa a huda ta a gindi da gefe. Ga na bisa, kada a sa ƙasa ko kaɗan. A cika ta da gutsattsarin gawayi da fasasshen kasko da ɓawon itace busasshe, masu girman goro, yadda in an zuba ruwa zai zube nan take. A wanke gawayin tukuna don toka ta fita. Ga na ƙasa, a haɗa yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye. A ɗora tukunyar a kan dutse saboda gara.

Ruwa. A ba shi da safe, a jiƙa shi sosai, sannan a bari ya kusa bushewa kafin a ƙara. Yatsa shi ne ma'auni: in an tura shi cikin tukunya an ji danshi, a dakata. Da bazara yana iya bukatar ruwa kusan kullum, da sanyi kuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma wannan hutun rani yana taimaka wa manta-uwa ya yi fure. Ruwan sama ya fi kowane ruwa. In ruwan rijiya yana barin farin gishiri a bakin tukunya, a riƙa ɗauraye ta da ruwa mai yawa lokaci-lokaci.

Laima. Wannan ce babbar matsalarmu, kuma maganinta yana cikin gida. Babu inda ya kai gindin randa sanyi da danshi a gidan Bahaushe, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana tashi ya tafi da zafi. A kan wannan ƙa'ida Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A ajiye okid kusa da randa, ko a sa tukunyarsa cikin wata babba mai jiƙaƙƙen yashi, muddin gindinta bai zauna cikin ruwa ba. Da hunturu a kare shi da asabari ta ɓangaren da iska take bugowa, a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Taki. Kaɗan ya isa. A narka takin zamani ya yi ruwa-ruwa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake ba kayan lambu, a ba shi lokacin da yake toho kawai. Ɗanyen kashin dabbobi ko na kaji yana ƙona saiwa.

Rabo. In ya cika tukunya, a raba shi a farkon damina, kowane kashi da kara uku ko fiye. A gasa wuƙar a wuta kafin a yanka, don kada a kai cuta daga wani tsiro zuwa wani.

Littafi. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci. A ware littafi guda, ɗalibai su riƙa rubuta kwanan wata, da zafin safe da na azahar a gindin randa da a fili, da ranar ba da ruwa, da tsawon sabuwar saiwa. Aji mai fita ya miƙa tukunya da littafi ga aji mai shigowa. Ko tsiron ya mutu, in littafin ya nuna dalili, ba a yi asara ba.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu malamai za su ce, makarantar da ba ta da isassun kujeru ina ta ga kuɗin fure? Gaskiya ne kuɗi yana wuya. Amma tukunya da gawayi da yashi duk na gida ne, abin saye shi ne tsiron farko, shi kuwa in ya kama yana haihuwa, har makaranta ta ba maƙwabciyarta. Wanda bai samu ba tukuna ya fara da zabuwa da moda, domin darasin tsami da na ajiyar ruwa duk suna cikinsu.

Wasu za su ce, a ƙasar da mata da yara suke layi a bakin rijiya, bai dace a ba fure ruwa ba. Wannan ma magana ce. Sai dai buta ɗaya ta ishi tukunya biyu, kuma abin da ke zuba daga gindinsu ana iya tara shi a ba wata shuka. Ruwan da ake asara a lambu ɗaya saboda ban-ruwan da ya wuce kima ya ninka wannan sau da yawa, kuma yaron da ya ga saiwa ta ruɓe don yawan ruwa shi ne zai gane hakan in ya girma.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi, kuma na yarda da ita. In sha'awa ta yaɗu, mutane za su shiga daji su kwashe na Allah su kawo kasuwa. An ga haka a wasu ƙasashe. A Zambiya ana yin wani abinci mai suna cikanda da curin okid na ƙasa, har haƙarsa ta tsallaka kudancin Tanzaniya, inda aka kafa gandun Kitulo a 2005 musamman don kare furanninsa. A Turkiyya ma haƙar curin da ake yin abin sha na sahlab ta rage ire-ire da dama. Shi kansa manta-uwa yana cikin jerin tsirran da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana. Dukkan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya take cikinta, saboda haka ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da izini. Ban da wannan, rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan ya isa ya hana kowane malami tura ɗalibi dajin Gundumi ko wani daji neman tsiro. Amsar wannan hujja ita ce sharaɗin da na gindaya a baya. Makarantar da ta koyar da raino dole ta koyar da cewa na daji a bar shi a daji.

Kammalawa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno kuma aka rufe shi a can a 1837, bai taƙaita alƙalaminsa ga fiƙihu da mulki ba, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani da abubuwan da ake haɗa shi da su. Ke nan duban tsiro da idon bincike gado ne a wannan yanki.

Ina kira ga malaman ilimin halittu da na aikin gona a Wurno da Rabah da Goronyo da su haɗa kai, makaranta ɗaya ta samo tsiron farko kafin damina mai zuwa, ta raine shi, ta raba wa sauran. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai tsiron ya iso. Ku ɗauki ma'aunin zafi na makaranta, ku auna gindin randa da tsakar gida da ƙarfe biyu na rana har kwana bakwai, ku rubuta abin da kuka gani, ku kai wa malaminku. Daga nan aikin ya fara. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a ruwanmu da ƙasarmu.